Nasiha Ga Iyaye Da Malamai Bisa Ga Tsanin Ɗan Ƙwallo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba wa bayinSa baiwa iri iri, Ya ba wani kaifin hadda, Ya ba wani basirar ciniki, wani kuwa Ya ba shi ƙarfin jiki da zafin nama. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan magana ce zuwa ga malaman tsangaya da na zaure, da attajirai da 'yan kasuwa na Malam Madori da sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya, bisa ga wata mas'ala wadda ta shigo gidaje ba sallama.

Mas'alar kuwa ita ce ta yaron da ya tashi ya ce shi ba noma zai yi ba, ba su ba, ba kasuwa ba, ƙwallo zai buga ya ci abinci da ita. Tun daga Malam Madori har Auyo da Kaugama da Birniwa, da wuya a sami garin da ba shi da gidan kallo, inda samari ke cika su ga 'yan wasan Ingila da Sifen, su kuma ji labarin albashin da ake biyansu. Iyaye sun kasu gida biyu a kan wannan. Waɗansu da sun ji kalmar ƙwallo sai su ɗauko tsumagiya, su ce lagawu ne da shashanci, yaron kuwa ya koma bugawa a ɓoye, ya koyi ƙarya a kan ƙwallon. Waɗansu kuma kwaɗayi ya ja su, har a ji an jinginar da fadama ko an sayar da shanun huɗa don a biya wani dillali da ya ce zai kai yaro Turai. Haƙiƙa duka biyu sun kauce hanya. Ƙwallo a yau sana'a ce mai tsani, kuma kafin uba ya hana ko ya yarda, wajibi ne ya san matakan tsanin, ya san mutum nawa ke kai ƙarshensa, ya kuma san inda wanda ya zame ke faɗawa.

Tsani ba baƙon abu ba ne ga masu karanta wannan shafi. A tsangaya yaro yakan fara da kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, sa'an nan malam, in Allah Ya nufa ya kai alaramma ko gwani. Kowa ya san kolo dubu ba su zama gwanaye dubu, amma wanda ya tsaya a tsakiya bai yi hasara ba, domin ya tafi da abin salla da abin koya wa 'ya'yansa. Haka a kasuwa. Yaro yakan fara da ɗaukar buhu da ɗinke bakinsa, ya koyi awo da sikeli, a fara aikensa ƙauye sayen riɗi, daga baya ubangida ya sallame shi da jari. Wanda bai zama attajiri ba ya dai iya lissafi da sanin kaya. Ma'aunin da ya kamata a auna ƙwallo da shi ke nan: me ke hannun wanda bai kai ba?

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da suka fi so bisa ga ko wane wasa, dangin zari-ruga ne. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga, mutum 11 kowane gefe, a fili mai tsawon yadi 100, irin yadin nan da ake awon zane da shi. 'Yan wasan sukan sa kwalkwali da sulke mai laushi a kafaɗa kamar 'yan lifida, domin karo ake yi ƙirji da ƙirji. Abin lura ga wannan wasa shi ne tsaninsa a cikin makaranta aka kafa shi. Yaro yakan fara a makarantar sakandare ta garinsu, ya yi wa makarantar wasa shekara huɗu. Kadan ya yi fice, masu neman gwanaye daga jami'o'i su zo su gan shi, su ba shi karatu kyauta da ci da wurin kwana, shi kuwa ya buga musu. Amma ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, watau NCAA, wadda aka kafa a 1906 bayan samari da dama sun mutu a filin wasa, ba ta yarda yaro ya shiga babban rukuninta sai ya ci darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare, da maki gwargwadon abin da aka yanka. Bayan ya shiga kuma, in karatunsa ya lalace sai a dakatar da shi daga fili.

Matakin ƙarshe shi ne babbar gasa ta masu cin abinci da wasan, wadda ake kira NFL, mai ƙungiyoyi 32. Dokarta ita ce ba a ɗaukar saurayi sai ya cika shekara uku da barin sakandare. Ko wace shekara akan tara wajen 300 daga cikin fitattu a birnin Indiyanafolis, a auna tsawo da nauyi, a gwada gudunsu a yadi 40, likitoci su duba gaɓoɓinsu kamar yadda mai sayen doki ke duba haƙori da kofato. Sa'an nan a yi zaman rabo, wanda aka fara tun 1936, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta zo ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe. Waɗanda ake zaɓa duka ba su wuce 250 da 'yan kai ba.

To, ga lissafi, 'yan kasuwa su duba. Yaran da ke wannan wasa a sakandaren Amurka sun haura miliyan ɗaya. In an raba su gida huɗu, tun da aji huɗu ne, masu fita ko wace shekara za su kai wajen 250,000. Cikinsu wajen 250 ne za a kira sunansu ranar rabo. Watau ɗaya cikin dubu. Wanda aka kira ɗin ma bai tsira ba, domin ko wace ƙungiya mutum 53 take riƙewa, kuma ƙungiyar 'yan wasan da kanta ta lissafta cewa matsakaicin zaman mutum a wannan sana'a bai fi shekara uku da 'yan watanni ba. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai zuba dukan jarinsa a hajar da sau ɗaya take riba cikin dubu. Abin da ya sa iyayen Amurka ke iya haƙuri da wannan lissafi shi ne sauran 999 ba a ƙasa suke faɗuwa ba, a cikin aji suke faɗuwa. Mafi yawansu sun fita da takardar sakandare, dubbai kuma sun sami shiga jami'ar da iyayensu ba su da halin biya.

Wani ɗan Nijeriya ya hau wannan tsani, labarinsa kuwa ya isa misali. Christian Okoye, haifaffen Inugu a 1961, ya tafi jami'ar Azusa Pacific a jihar Kalifoniya a 1982, don karatu da wasan jifan faifai. Da aka bar shi a baya wajen zaɓen 'yan wasan Olamfik na 1984, sai ya juya ga zari-ruga yana da shekara 23, bai taɓa yin ta ba. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta zaɓe shi a zagaye na biyu. A 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a dukan gasar, yadi 1,480. Amma shekara shida kaɗai ya yi, raunuka suka sauke shi bayan kakar 1992, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ƙofar makaranta ce ta shigar da shi, kuma ko shi da ya kai ƙololuwa, sana'ar ta sallame shi a shekarun da ɗan kasuwa ke fara kafuwa.

Kada a ɗauka tsarin Amurka ba shi da aibi. Jami'o'insu sun daɗe suna tara dukiya da gumin samari ba su biyansu, sai a 2021 aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma aka buɗe wa makarantun hanyar biyansu kai tsaye. An kuma sha kama makarantun da suka ba ɗan wasa makin da bai ci ba don kada a rasa shi a fili. Mafi girman aibin shi ne na lafiya, kuma ɗan Nijeriya ne ya tona shi. Likita Bennet Omalu, mutumin jihar Anambara, yana aikin binciken gawa a birnin Pitsbag a 2002, ya duba ƙwaƙwalwar wani tsohon gwani mai suna Mike Webster, wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan hankalinsa ya gushe. Ya tarar yawan karon kai ya lalata ta, ya wallafa bincikensa a 2005, manyan wasan suka yi masa ca, daga baya gaskiya ta yi halinta. A 2017 likitocin jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar ga 110, ko da yake iyalan da suka ba da gawarwakin dama waɗanda suka ga alamun ciwo ne. Kiyaye hankali yana cikin abubuwan da shari'a ta zo don ta tsare, saboda haka wannan wasa na karo ba abin kwaɗaitar da 'ya'yan Musulmi ba ne, ko da yake masu shi sun fara kafa sansanin neman samari a Afirka, a Gana a 2022, sa'an nan a Ikko a 2024. Abin aro daga gare su shi ne tsanin, watau ɗaure wasa a jikin karatu.

A juyo gida a ga tsanin ƙwallon ƙafa, wadda ita ce yaran ƙasar Haɗejiya ke mafarki. Babu sunan da suka fi ambata kamar Ahmed Musa. An haife shi a Jos a 1992, ya fara a wata makarantar koyon ƙwallo ta garin, ya buga wa ƙungiyar asibitin koyarwa ta Jos, sa'an nan ya zo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a ƙasar. Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta saye shi a 2010, amma sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya taka mata wasa, domin dokar FIFA ta hana ƙetarar da yaro ƙasa da haka. Daga nan ya tafi CSKA ta birnin Mosko a 2012, Leicester ta Ingila a 2016, Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a ta 2018, ya buga wa Nijeriya wasa sama da 100. Ya komo Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024, a 2025 aka naɗa shi babban manajanta. Shehu Abdullahi na Sakkwato ma ta Pillars ya bi ya fita, shi da Sadiq Umar na Kaduna suna cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya tagulla a Olamfik ta 2016.

Abu uku ke cikin labarin Ahmed Musa waɗanda yara ba su faye lura da su ba. Na farko, mataki mataki ya hau, sai da ya yi suna a gida kafin waje ta neme shi. Na biyu, sayensa aka yi, watau Turawa ne suka biya, ba mahaifansa ba. Na uku, tun yana tsakiyar ƙarfinsa ya sa dukiyarsa a ƙasa, ya gina wurin wasanni a Kano ya buɗe gidan mai, domin ya san ƙafa tana tsufa kafin mai ita. Amma tun daga 1990 da aka kafa Pillars, samari nawa suka sa rigarta, nawa kuma suka kai inda ya kai? Ana iya ƙirga su da yatsu. Bayan su akwai dubbai da ba su ko kai ga Pillars ko Jigawa Golden Stars ba. Nan bambancin yake. Tsanin nan na gida ba a jingine yake da makaranta ba, a fili yake tsaye shi kaɗai. Yaron da ya bar allo yana titibiri, ya bar boko a aji uku, ya ba ƙwallo shekara goma, in gwiwa ta goce sai ya komo gida ba sauka, ba takarda, ba jari, tsaransa kuwa sun riga sun kafa rumfa. Ko waɗanda suka sami ƙungiya a cikin ƙasa, an sha jin kukansu na bashin albashin watanni.

Masu cewa a hana ƙwallo ɗungum suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna ganin magariba tana wucewa yara suna fili, suna ganin cinya a buɗe, suna ganin caca ta biyo bayan kallo, da gaba tsakanin unguwa da unguwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma malamai sun fi kowa sanin cewa motsa jiki asalinsa halal ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suka yi wasan masu a masallaci. Risala da Muhtasar duka sun yi magana a kan tsere da harbi, suka bambanta su da caca. Abin da ke haramun a sha'anin ƙwallo abubuwa ne da suka rataye ta, kuma ana iya kwance su. Shaida ga haka ta zo daga cikin wasan Amurka kansa. Husain Abdullah, wanda ya fito daga jami'ar jihar Washinton ya shiga ƙungiyar Minnesota Vikings a 2008, yakan yi azumin Ramadan cikin tsananin horo. A 2012 shi da wansa Hamza suka ajiye kakar wasa ɗungum da albashinta suka tafi aikin Hajji. A 2014 ya yi sujada a fili bayan ya ci, alƙalin wasa ya hukunta shi, kashegari hukumar ta ce hukuncin kuskure ne. A 2016 ya bar wasan yana da shekara 30, bayan bugun kai sau biyar, don ya tsira da hankalinsa. Tarbiyyar da ya taso da ita ce ta riƙe shi a inda kuɗi ke ruɗin mutane. Yaron da aka kora daga gaban malam saboda ƙwallo, wa zai ba shi irin wannan?

Haɗa wasa da karatu ma ba baƙo ba ne a Arewa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, gwanin wasan fayif ne tun yana Kwalejin Katsina, bai kuwa hana shi zama abin da ya zama ba. Abin da ya lalace shi ne makarantu sun saki wasa, 'yan tasha da dillalai suka tsince shi.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Uba ya yi sharaɗi da ɗansa a gaban malaminsa: fili bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba, wando ya rufe gwiwa, ranar da allo ko jarrabawa ta ja baya a rataye takalmi sai ta gyaru. Malaman tsangaya su ɗauki abin a hannunsu maimakon su bar shi a bayan gari, ga hutun Alhamis nan, a sa gardi mai natsuwa ya tsaya a kan yara. Attajiran riɗi da na hatsi da na kifi, waɗanda Allah Ya buɗa wa a garin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya raya da cinikin gyaɗa tun wajen 1930, su haɗa kuɗi su sa kofi tsakanin makarantun ƙaramar hukumar, na boko da Islamiyya da tsangaya, bisa sharaɗin ba mai bugawa sai wanda sunansa ke cikin rajista kuma malaminsa ya shaida yana zuwa. Ladan wanda ya yi fice ya zama kuɗin karatu, a Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, ko jami'ar Kafin Hausa, ko ta Dutse, ko jarin sana'a a hannun amintacce. Hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma ta tsare filayen makarantu kada a yanka su filoti.

Sa'an nan a kiyaye abu biyu. Kada a rage wa yaro shekaru a takarda. Shaidar zur ce, kuma tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka yi a Nijeriya har Kano ta karɓi baƙuncin wasu wasanninta, ana duba ƙashin wuyan hannu da na'ura, asiri yakan tonu. Kada kuma a ba kowa ko kwabo don ya kai yaro waje. Ɗan kasuwa ya san mai saye shi ke biya, ba mai kaya ba. Duk dillalin da ya nemi kuɗin jirgi da na biza daga uban yaro, uban ne hajarsa. In ƙungiya ta gaskiya ta zo, a rubuta yarjejeniya da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta yi umurni a sha'anin bashi, a kai wa wanda ya san doka ya karanta kafin a sa hannu.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yaran da ke guje-guje a filin firamare na Malam Madori watakila akwai wanda Allah Ya rubuta masa suna a duniya, ba mai iya hana shi. Sauran kuwa, waɗanda su ne masu yawa, amanarsu tana wuyan iyaye da malamai da masu hali, kuma za a tambaye su ranar gobe abin da suka bar musu a hannu. Allah Ya shiryi zuri'a, Ya sa albarka a karatu da kasuwa, Ya kiyaye ƙasar Haɗejiya daga ambaliya da fitina.